Rabon Almakashi

Babanmu tela ne. In ka shiga layinmu ka nemi shagonsa da sunan da iyayensa suka raɗa masa, kallonka kawai za a yi. Sai ka ce Malam Jibi, sannan za a nuna maka ƙofar da ke tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Shi ya ja wa kansa sunan da bakinsa. Duk wanda ya kawo ɗinki ya tambayi ranar dawowa, Baba zai ɗaga kai ya dubi silin kamar mai lissafi, ya ce, "Jibi, in Allah ya yarda." In ka dawo jibin, zai tarbe ka da fara'a, ya kaɗe maka benci, ya tambayi mutanen gidanka ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce saura maɓalli kawai, ka dawo jibi. Yadinka kuwa yana nan a kan kanta yadda ka kawo shi, ko alli bai taɓa shi ba.

Ba lalaci ba ne, wannan kam zan iya rantsewa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kekensa ya huta ba. Ba ya dai iya cewa a'a, ko da aiki ya kai masa wuya. In ka ce gobe kake so, kunyar idonka za ta sa ya ce jibi, kuma a ganinsa ya yi maka gaskiya tunda ya ƙara kwana guda. Bayan wannan, in ya gama riga ya ɗaga ta ya ga kafaɗa ta karkace da ɗan abin da shi kaɗai ke gani, sai ya ɗauki reza ya farke ta tun daga wuya. Shi ya sa mutane ke zaginsa a hanya, kuma su dawo masa da wani yadin. Shi kansa bai taɓa ɗaukar jibinsa ƙarya ba. Cewa yake niyya ce, kuma niyyarsa kullum mai kyau ce.

Abin da yake tinƙaho da shi a zuci daban ne. Lokacin da yake koyon aiki, wata mata ta taɓa shigowa shagon maigidansa ta tarar da ɗan maigidan sanye da riga mai aljihu irin yadinta, mai kwala irin yadin ƙanwarta. Ta damƙe yaron tana juya shi gaba da baya a gaban jama'a, tana kiran sunayen masu yadin. Baba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, alhali ba shi aka kama ba. Tun ranar da ya buɗe nasa shagon, duk abin da ya rage a yadin mutum, ko faɗin yatsa biyu ne, sai ya goge shi da dutsen guga, ya ninke, ya ɗaure da siririn ƙyalle, ya sa a can ƙasan leda, sannan ya ɗora ɗinkin a kai. Shekara talatin da huɗu yana haka. Bai taɓa ce wa kowa "ga ragowar yadinka" ba, don a wurinsa wannan fariya ce. Ya ɗauka kowa ya sani, shiru kawai ake yi irin na girmamawa.

Ana nan sai ga Mai Makaranta. Wata mata ce mai makarantar kuɗi a ƙarshen layi, irin mutanen da ba su da buƙatar lasifika. Ta kawo bandir takwas na yadi, a ɗinka wa ɗalibai ɗari da ashirin kayan makaranta, saura wata biyu a dawo daga hutu. Baba ya dubi silin. Ranar da aka buɗe makaranta guda arba'in ne suka kammala, kowacce kamar a sa ta a gilashi don kyau, sauran yara tamanin kuma suka zo da kayan gida. Iyaye suka yi wa matar ca. Ita kuwa ta zauna ta buga takarda, aka ba kowane yaro ya kai gida, aka manna ɗaya a ƙofar makaranta. Ga abin da ta rubuta: "Jinkirin nan ba laifin makaranta ba ne. Telan da muka ba aikin maƙaryaci ne, kuma ɓarawon yadi ne. Ya yanki rabonsa ya sayar."

Mai gyaran agogo, wanda jikarsa ke makarantar, shi ya kawo wa Baba takardar. Sun fi shekara talatin suna shan shayi a benci ɗaya. Baba ya sa tabarau ya karanta. Kalmar maƙaryaci ta wuce shi ko a jikinsa, sai da ya iso ɓarawo ya tsaya cak. Ya ƙarasa sauran kayan cikin mako uku ya aika. Amma a gida ya daina cin abincin kirki. Inna ta yi rarrashin duniya, ta ce, "Malam, ka bar ta da halinta, wa ke ɗaukar maganar matar nan?" Ya ce mutum ɗari da ashirin sun ɗauka, har gida aka kai musu.

Ni na nemi hutu a kantin maganin da nake aiki na raka shi wurin lauya. Lauyan matashi ne, ɗan wani tsohon mai kawo wa Baba ɗinki. Ya karanta takardar sau biyu, ya ajiye.

"Baba, bari in faɗa maka yadda abin yake kafin mu tsoma ƙafa," in ji shi. "Ta rubuta, mutane sun karanta, wannan ba gardama. Amma tana da mafita. In ta tabbatar wa kotu abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ke nan, komai zafinsa ba ka da ƙara. Ba a hukunta mutum don ya faɗi gaskiya."

"Ta tabbatar mana. Ina zaune ina jiranta."

"Ko ta kasa kuma, tana iya kawo shaidu su ce dama can haka mutane suka ɗauke ka. Kotu tana biyan mutum ne gwargwadon abin da aka ɓata masa. In dama a yage rigar take, ba za a biya ka kuɗin sabuwa ba."

Baba ya yi murmushi, na farko cikin wata guda. "Yaro, ka je layinmu ka tambaya. Ka tambayi babba, ka tambayi ƙarami."

"To maganar maƙaryaci fa? Shawarata mu bar ta, mu kama ɓarawo kaɗai."

"A'a, duka za a wanke. Yaushe na yi wa wani ƙarya?"

Lauyan ya yi ɗan tari, ya dubi ƙafafunsa. "Baba, wata biyar ke nan wandona yana wurinka."

"Saura maɓalli," in ji Baba.

Kafin a shiga kotu Mai Makaranta ta aiko mijinta da tayin sulhu, cewa za ta zo shago ta ba da haƙuri tsakaninta da shi. Lauya ya ce a karɓa, Inna ta ce a karɓa, ni ma na ce a karɓa. Baba ya ce a bainar jama'a aka kira shi ɓarawo, a bainar jama'a za a janye. Ba kuɗi yake nema ba. So yake a rubuta a takardar hukuma abin da ya tabbata kowa ya riga ya sani.

Kotun wani ɗaki ne a saman bene, mai benci shida da fanka ɗaya da ta fi iya ƙara a kan iska. Rabin layinmu sun rufe shaguna sun zo. Baba ya sa farar rigar da ya ɗinka wa kansa, wadda a iya sanina ita kaɗai ce ya taɓa gamawa a kan lokaci. Shi aka fara kira. Ya yi bayanin ƙunshin ragowar yadi, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai neman gafara don ya yabi kansa. Aka yi ɗan gunaguni a cikin kotun. Ya waiwayo ya gyaɗa kai, ya ɗauka gaskata shi ake yi.

Sai aka kira babban mai shaidarmu, Shugaban ƙungiyar teloli. Baba ne ya dage a kira shi, ya ce ba wanda ya san aikinsa kamar ɗan sana'a. Shugaba mutum ne mai ƙaton ciki da son a saurare shi, kuma bai ji shaidar Baba ba don a waje aka ajiye shi. Ya hau akwatin shaida da tef ɗin awo rataye a wuya. Lauyanmu ya tambaye shi ko ya san mai ƙara, shi kuma ya ɗauki hanya.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa alƙali, "ni na zo ne in wanke ɗan'uwana. Wannan abin da ake kira sata, ba sata ba ce. Mu a sana'a rabon almakashi muke ce masa. An kawo maka yadi, ka fitar da riga cif, to abin da ya faɗo ƙasa na waye? Na mai dabarar yanka ne. Haka muka taras, haka za mu bari. Ni ina ɗiba, kowa na ɗiba, ba mu taɓa jin an kai wani kotu a kai ba."

Lauyanmu ya zauna a hankali. Lauyan Mai Makaranta ya miƙe da fara'arsa.

"Shugaba, ka ce kowa. Har da mai ƙara?"

"To shi ba tela ba ne?"

"Ka taɓa ganinsa ya ɗiba?"

"Ai ba sai na gani ba. Ka taɓa ganin mai shayin da ba ya kurɓa?"

"Ke nan a cikinku an san shi da haka."

"An san mu dai duka, kuma ba abin kunya ba ne."

Ya sauko yana huci irin na wanda ya gama aikin alheri. Da ya zo wucewa ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Na gama da su."

A zama na biyu ɓangaren matar suka kawo nasu. Maganar ƙarya ba ta ba su wahala ba, sai ma da alƙali ya ce shaidun sun isa haka. Wani direba ya ce kwat ɗin ɗaurin aurensa sai da matarsa ta haihu ya karɓa. Wani ma'aikacin banki ya ce ya kai wando yana siriri, ya karɓa ya yi tumbi, aka sake awo, aka sake jibi. Ana ta dariya har ɗan sandan kotu. Ni ma, Allah ya gafarta mini, sai da na rufe baki da gyale.

Lauyanmu ya yi ƙoƙarin ceto abin da ya saura. Duk wanda ya hau, sai ya tambaye shi ko yana ganin wani ɗan ƙunshi a ƙasan leda in ya karɓi ɗinki.

"Ƙwarai kuwa," in ji ma'aikacin banki. "Kullum. Ni na ɗauka sharar shagonsa yake raba mana don kada ya wahala da zubarwa."

Wata tsohuwa da Baba ke ɗinka wa tun tana amarya ta ce ita ta gane dabarar tuntuni. "Ya ba ka tsumma a ɗaure da kyau don kada ka tambayi babban da ya ɗauke. Ai wayo ne da shi, ɗan albarka. Ni ban taɓa riƙe shi a rai ba."

Daga nan sai mai gyaran agogo. Bai so zuwa ba, sammaci aka kai masa. Ya tsaya yana juya hularsa a hannu.

"Yaya ka san mai ƙara?" lauyan matar ya tambaya.

"Mutumin kirki ne. Ban taɓa maƙwabci kamarsa ba."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ranar da ka karanta takardar nan, ka yi mamaki?"

"Na ji haushi."

"Ka yi mamaki?"

Tsohon ya dubi Baba, ya dubi fanka, ya dubi alƙali. Ya riga ya yi rantsuwa, kuma shi mutum ne mai tsoron rantsuwa.

"To, tela ne," ya ce a hankali.

Duk da haka ba su iya tabbatar da sata ba, don babu ita. Ma'ajin makarantar ma ya hau akwatin shaida, da lauyanmu ya matsa masa, ya tuna cewa tare da kayan ƙarshe an kawo wani buhu. Ya buɗe ya ga ƙyallaye, ya ɗauka tsumma ne aka ba su kyauta, har an fara goge allo da su. Alƙali ya sa aka kawo buhun. Aka nemo wani tela daga wata unguwa, aka shimfiɗa ƙyallayen a kan teburin kotu, kowane ƙunshi a goge a ɗaure, ban da waɗanda suka sha alli. Ya yini yana awo yana haɗawa da abin da kayan yara ɗari da ashirin za su ci. Bandir takwas suka fito daidai. Telan da kansa ya tsaya yana kallon Baba kamar ya ga wani abin al'ajabi, kuma ba kallon sha'awa ba ne.

Ranar hukunci alƙali ya karanta a tsanake. Ya ce a kan kalmar maƙaryaci, wadda ake ƙara ta tabbatar da gaskiyar maganarta, kotu ba ta taɓa ganin hujjar da ta cika haka ba. A kan kalmar ɓarawo, ta kasa, maganar ƙage ce, mai ƙara bai ɗauki ko zare ba. Baba ya gyara zama. Sai alƙali ya juya shafi ya zo kan diyya. Ya ce doka ta ɗora masa ya auna sunan da mutum ke da shi kafin a taɓa shi. Shaidu kuwa, har da wanda mai ƙara ya kawo da kansa, sun nuna cewa tun kafin takardar, abokan sana'arsa da maƙwabtansa da masu kawo masa aiki duk sun ɗauka yana ɗibar yadi. Sun yi kuskure, amma haka suka ɗauka. Saboda haka takardar ba ta rage masa wani abu mai yawa a idonsu ba. Ya yanke kuɗin da bai wuce ladan ɗinkin wando biyu ba.

A bakin matakala mutane suka kewaye Baba suna taya shi murna. "Malam Jibi ya ci shari'a!" Direban nan har rungume shi ya yi. Shugaba kuwa ya ja shi gefe da fuska a murtuke, ya ce abin da ya yi bai kyauta wa 'yan'uwa ba, tun jiya mutane suka fara tambayar ragowar yadinsu a shaguna. Baba yana ta cewa na gode, na gode, har ga Shugaban.

Muka iso gida da rana tsaka. Inna ba ta je kotu ba ko sau ɗaya, ta ce ba za ta iya zama ana tsinka mijinta a gabanta ba. Muka same ta a falo tana ninke wanki. Na ce mata an ci, ta ɗaga hannu ta gode wa Allah. Baba ya zauna a kujerarsa ya kwance takalma, ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Innar yara, in tambaye ki mana."

"Ina ji, Malam."

"Ke dai ai kin sani, ko?"

"Na san me?"

"Cewa ban taɓa ɗiba ba."

Inna ba ta iya ƙarya ba, ko ta rarrashi. Ta ajiye rigar da ke hannunta a kan cinya, ta shafe ta sau biyu.

"Malam, tunda ka tambaya. Ni na ɗauka kana ɗiba kamar kowa, kuma ban taɓa ganin laifinka ba. Abin da ya ci mini rai shekara da shekaru shi ne, 'ya'yan sauran teloli suna yawo da riguna kala-kala, kai kuwa ko ƙyallen sauke tukunya ba ka taɓa shigowa da shi gidan nan ba. Na ɗauka sayarwa kake yi kana ɓoye mini."

"Shekara talatin da huɗu. Ba ki taɓa tambaya ba?"

"Yaya zan tambaya? Asirinka nake rufawa."

Ta faɗe shi ne da ƙauna, kuma wannan ya fi komai ciwo. Baba ya gyaɗa kai a hankali. Sannan ya juyo gare ni, ni da na bar aikina na zauna kusa da shi a kowane zama, na riƙe masa takardu, na riƙe masa ruwa.

"Ke fa, 'yata?"

Wallahi na so in yi masa ƙarya. Kalma ɗaya ce, kuma da ya karɓa da hannu biyu. Amma ni ma a ɗakin kotun nan na fara jin labarin ƙunshin, ni ma ina cikin masu gunagunin da ya waiwayo ya gyaɗa wa kai. Na buɗe baki na tsaya neman yadda zan fara, kuma tsayawar ta yi tsawo. Har yau ban yafe wa kaina ita ba.

"Ba komai," in ji Baba.

Ya ce bari ya koma shago, akwai aikin mutane. Ya sunkuya ya mayar da takalmansa, yana ta fama da igiyar ta ƙi ɗauruwa, ni kuma na kasa matsawa in taya shi.